Kufai a Dajin Harriman

Likita ne ya jawo mana. Bayan an buɗe wa Kawu jijiyar zuciyarsa da ta toshe a watan Yuni, aka sa masa ɗan ƙarfen nan da ke riƙe ta, sai aka ce lallai ya riƙa tafiya da ƙafa kullum. Kawu ya ce to. Kwana uku ya yi yana zaga layinmu a Bronx, a na huɗu ya dawo ya tuɓe hula ya ce shi ya gama. Mutum da furfurarsa ya riƙa kai da kawo a titi, ba aike ba saƙo, ai sai a ce ya taɓu. Shekara 26 ya yi yana tuƙin tasi a Niyok. Babu kwanar da bai sani ba a Manhattan, ya san inda direba zai tsaya ya yi salla ba a manna wa motarsa takardar tara ba, amma duk wannan sanin ta bayan gilashi ne.

Kawun uwar Auta ne, ƙanin mahaifiyarta, amma mu biyun duk Kawu muke ce masa, kuma a gidanmu yake tun da aka sallamo shi daga asibiti. Auta, 'yarmu mai shekara 12, ita ta gano maganinsa. Ta ce tana tsoron zuwa laburare ita kaɗai. Ƙarya take yi, yarinyar da ke hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ɗan rakiya, amma Kawu ya samu aike. Kullum da la'asar sai ya zura takalmi ya ce, "Taso, amarya, kada a sace min ke." Ita kuma ta ce, "Wa zai auri tsoho mai zuciyar ƙarfe?" Haka suka yi ta yi wata uku, har ƙafarsa ta yi ƙwari.

Akwai wata magana da ke kwance tsakaninmu da shi tun daga asibiti. Daren da za a shiga da shi ɗakin aiki ya kira mu ya ce idan ta Allah ta kasance, a kai shi Yawuri. Muka ce Allah ya ja kwana, Kawu, muka sauya zance. Amma a ɓoye mun tambaya. Mun ji yawan takardun da yawan kuɗin, mun ji kwanakin da gawa za ta yi a cikin sanyi tana jiran jirgi, mun kuma ji abin da limaminmu ya ce, cewa gaggauta binnewa shi ne sunna. 'Yan'uwanmu da yawa suna kwance a makabartun Musulmi na New Jersey. Ba mu ce masa e ba, ba mu ce a'a ba. Shi ma bai sake tayar da ita ba, sai dai kowa a gidan ya san tana nan.

Sai ga Auta da zancen daji. Makarantarsu ta taɓa kai su gandun Harriman, ta ce akwai wani tafki a kan tudu, tafiyar kamar kilomita 4 daga inda ake ajiye mota, hanyar ba ta da tsanani, yara ma suna yi. Muka yi dariya. A wajenmu daji wurin aiki ne. Ana zuwa yin itace, ana zuwa kiwo ko farauta ko sassaƙe, wanda cikinsa ya juya shi ma ya san hanya. Ba mu taɓa jin wanda ya ci ya ƙoshi ya ce bari ya je ya dubo lafiyar itatuwa ba. Kuma a 'yan shekarun nan kalmar ta ƙara nauyi. Idan aka bugo waya daga gida aka ce "sun shiga da su daji", ba mai neman ƙarin bayani. Kamuku da Rugu, waɗanda muka sani a matsayin gandun gwamnati, yanzu a labaran asuba muke jin sunayensu. Kawu kansa rabonsa da ƙauyensu tun kafin a kwashe ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021. Da muka gaya wa Hajiya, yayarsa, cewa gobe za mu daji da shi, shiru ta yi a wayar, sannan ta ce, "Me kuka rasa a gida?"

Likita dai ya ce ya je, ya tafi a hankali, ya riƙe ƙwayarsa ta ƙarƙashin harshe.

Ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba muka fita bayan asuba, muka haye kogin Hudson, kafin awa guda mun wuce ɗan garin Sloatsburg mun tsaya a Reeves Meadow, inda hanyar take farawa. Ƙarfe takwas bai yi ba amma wurin ajiye motoci ya kusa cika. Mutane sai sauka suke yi, kowa da jaka a baya da sanduna biyu a hannu, wasu da karnuka. Kawu ya duba wani ƙaton saurayi da sandunansa ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, ga shi da ƙuruciyarsa." Shi jamfa ya saka a kan rigar sanyi, da hula zanna, da takalmin gudu da Auta ta zaɓa masa. Kafin mu ɗaga ƙafa ta durƙusa ta cusa bakin wandonsa cikin safa, ta ce saboda kaska.

"Kaska? Ni saniya ne?"

Ta yi masa bayani. Kaskar nan ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, barewa da ɓeraye ke yawo da ita, tana laɓewa a ciyawa, kuma tana sa wani ciwo da ake kira Lyme, sunan wani gari a Connecticut inda aka fara gane shi. Muka cusa namu wandunan mu ma, muna kallon juna.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne fenti. A jikin itace, daidai idon mutum, akwai ɗan farin fenti da bai kai tafin hannu ba, da ja a tsakiyarsa. Kafin wannan ya ɓace maka a baya sai ka hango wani a gaba. Auta ta ce idan ka ga biyu, na sama ya karkata dama, to hanya za ta juya dama. Idan uku ne, nan ce farkonta ko ƙarshenta. Kowace hanya da launinta, akwai mai ruwan ɗorawa, akwai shuɗiya, akwai fara, suna haɗuwa suna rabuwa. Gandun ya haura eka 47,000, tafkuna 31 ne a ciki, hanyoyin ƙafa kuma sun fi kilomita 300, kuma masu shafa wannan fenti ba albashi ake ba su ba. 'Yan sa kai ne na wata ƙungiya da aka kafa tun 1920, kowa da yankinsa, ya zo ya sare reshen da ya faɗo, ya sabunta alama, ya koma gida. Mu da muka taso cikin aikin gayya mun san a taru a nome gonar wanda aka sani, a ci fura a watse. Gayyar da ake yi wa baƙon da ba za a taɓa gani ba, shekara ɗari ba a fasa ba, wannan kam mun daɗe muna juya ta a rai.

Hanyar ta bi gefen wani rafi da suke kira Stony Brook, rafi mai duwatsu, kuma bai ci sunan a banza ba. Ruwan yana dukan dutse yana kumfa, ƙararsa ta rufe ta motoci tun ba mu yi nisa ba. Ganye ya koma ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa, yana zubowa ɗaya-ɗaya ko ba iska. Auta ta tambayi yadda ake kiran wannan lokaci da Hausa, muka ce kaka. Ta ce ai kaka shi ne wannan, ta nuna Kawu. Muka ce duk ɗaya ne. Ta ce ya yi daidai, duk ganyensu ya zube, ta taɓa kanta. Ya bi ta da sanda, sandar da ya tsinta a hanya bayan duk ba'ar da ya yi wa saurayin ɗazu.

A birni Bature ba ya gaishe ka ko da kun shekara a bene ɗaya. A nan duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya yi murmushi ya ce wani abu. Kawu ya ce ashe gaisuwar tasu a daji suke ajiye ta.

Bayan rabin awa muka lura da wani abu da ya dame mu fiye da yadda muka zata. Ba mu san sunan itace ko ɗaya ba. A gida ko yaro ya san kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya, ya san wadda ake miya da ganyenta, wadda ake kunu da 'ya'yanta, wadda ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Ya san gawo yana kaɗe ganyensa da damina lokacin da kowa ke tsirowa. A nan mun zama makafi masu ido. Auta ce ke ja mana gora: wannan ok ne, wancan mapul, wancan mai duhun ganye hemlok. Uban Auta ya ce me ake yi da shi, ta ce, "Ba a yin komai da shi, Baba, itace ne kawai." Sai a kan mapul ta tuna cewa daga jikinsa ake tatsar ruwan zaƙin nan da take zuba wa fanke. Kawu ya shafa jikinsa ya ce, "To wannan ya san abin da ya kawo shi duniya." Akwai zafi kaɗan a cikin abin. Mu ne ya kamata mu riƙa nuna mata, ga shi ita ke nuna mana, kuma sunayen da muke da su ba ta da itatuwan da za ta rataya su.

Kawu ne ya fara karanta dajin ta wata hanya. Ya tsaya gaban wani itacen ok da ya fito rassa uku daga gindi ɗaya, kowanne kauri ɗaya, ya zaga shi, ya ce, "Wannan an taɓa sare shi." Muka ce ya aka yi ya sani. Ya ce toho ne, haka kututture yake yi idan an sare shi bai mutu ba, duk manomi ya sani. Ya nuna mana wani, ya nuna wani. Sannan ya ɗaga kai ya duba ko'ina ya ce, "Duk sa'annin juna ne. Ina iyayensu?" Can gaba inda hanyar ta yi faɗi ta kwanta, ya buga ƙasa da sanda ya ce wannan ba ƙafa ce ta yi ta ba, hanyar amalanke ce.

Daga baya muka karanta, kuma bai yi kuskure ba. Tsaunukan nan cike suke da tsofaffin ramukan haƙar tama, kuma shekara da shekaru ana sare dajin ana ƙona gawayi don narka ƙarfe. Abin da muke gani ya sake tsirowa ne bayan an bar shi. Sunan gandun kuma na Edward Harriman ne, attajirin jiragen ƙasa da ya mutu a 1909. A lokacin jihar Niyok tana shirin gina gidan yari a Bear Mountain, sai matarsa Mary ta ba da eka 10,000 da dala miliyan ɗaya a 1910, bisa sharaɗin a fasa gidan yarin a yi gandu. Duk wannan a takarda muka gani. Kawu a jikin kututture ya gani.

Bayan mun haye wata gadar katako hanyar ta fara hawa. Ba wani tsauni ba ne, duwatsu ne kamar matakala da saiwoyi da suka fito fili, amma ya isa ya sa hira ta ragu. Muna tafe Auta na gaba, sai muka ji babu ƙarar sanda a baya. Muka waiga. Kawu na zaune a kan dutse, hannunsa na dama a ƙirji, kansa a sunkuye.

Ba mu san yadda muka isa wurinsa ba. Uwar Auta ta hau laluben aljihunsa tana neman ƙwayar, uban Auta ya ciro waya, babu layi ko ɗigo. Motarmu na can baya, tafiyar awa guda. A cikin wannan minti, sai da dare muka faɗa wa juna, abu ɗaya ne ya faɗo mana a rai mu biyun, kuma abin kunya ne: Yawuri. Takardu, jirgi, Hajiya. Mutum na zaune da ransa a gabanmu muna lissafin gawarsa.

Ya ɗaga hannu ya ce mu dakata. Ya ce ba ciwo ba ne, numfashi ne ya gudu ya bar shi, bari ya dawo. Muka zauna kusa da shi. Auta ta dawo da gudu, ta tsaya ba ta ce komai ba, wasan duk ya fice daga fuskarta. Ya sha ruwa, ya ci dabino biyu, ya jefa ƙwallon a aljihu don ta riga ta gaya masa ba a yar da komai a nan. Muka ce mu juya. Ya ce, "Ba a nan ba." Ba mu san ko juyawar yake nufi ko wani abin ba, kuma ba mu tambaya ba. Ya miƙe.

Daga nan muka rage sauri, muka sa shi a tsakiya. Hanyar ta ratsa wani kurmi na gajerun itatuwa masu kore shar da ba sa zubar da ganye, suka rufe mu hagu da dama, rafin yana rage murya. Sai kawai sarari ya buɗe, ga ruwa.

Pine Meadow Lake suke kiransa. Yana kwance tsakanin tuddai, bakinsa duk faffaɗan dutse ne da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, jan ganyen tsallake ya kifu a cikinsa. Babu kwale-kwale, babu mai wanki, babu saniya ko ɗaya, wanka ma an hana. Ga wanda ya taso a bakin Kwara, ruwan da ba kowa a kansa abin tausayi ne. Mu dai mun ce masha Allah. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan dam ne." Ya nuna inda bakin ruwan ya miƙe sambal, ya ce Allah ba ya ja layi haka.

Nan ma gaskiyarsa. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, shugaba Roosevelt ya kafa wata rundunar samari marasa aikin yi a 1933, aka watsa su dazuzzuka suna dasa itatuwa, suna gina hanyoyi da madatsun ruwa. Dala 30 ake biyan kowa a wata, 25 daga ciki a aika wa iyayensa kai tsaye. Da muka ji wannan muka yi dariya, ashe ba mu muka fara ba. Su suka tare rafin, fadama ta zama tafki. An so a gina sansanonin hutu a gefensa, har an shimfiɗa bututun ruwa, aka fasa. Bututun na nan sun yi tsatsa a gefen hanya.

Muka shimfiɗa darduma a kan dutse. Ruwan alwala ya yi sanyi har cikin haƙori. Alƙibla a Niyok arewa maso gabas take, abin da har yau tsofaffinmu ke gardama a kai, wayar da ta ƙi kira ta yarda ta nuna mana. Muna raka'a ta biyu wani kare ya zo ya tsaya yana shinshinar takalman Kawu, mai shi tana can tana kiransa da raɗa, kunya ta kama ta. Bayan sallama ta zo ta ba da haƙuri har sau uku. Muka buɗe fulas ɗin shayi da dambun nama da ƙuli-ƙuli, muka miƙa mata, ta ɗauki ƙuli ɗaya ta yi ta fama da shi.

A nan wani dattijo ya same mu, da taswira a hannu da ƙaramin zarto a jaka, ɗaya daga cikin 'yan sa kan nan. Ya tambayi daga ina muke, muka faɗa. Auta ta gaya masa cewa kakanta ya gane dam ne ba wanda ya faɗa masa. Dattijon ya dubi Kawu da kyau, sannan ya ce to ko ya san akwai mutane a nan kafin ruwa? Wani dangi ne, Conklin, sun zauna a wannan kwari tun ƙarni na 18, suna 'yar gonarsu suna sana'ar itace, har zuwa lokacin da aka yi dam ɗin aka tashe su. Ya ce makabartarsu na nan, ba nisa, amma babu fenti a hanyarta. Idan muna so zai raka mu.

Mu mun so mu ce a'a, saboda abin da ya faru a hawa. Kawu ya riga ya ɗauki sandarsa.

Muka bi bakin ruwa, muka bar alamar ja, muka shiga wata siririyar hanya da ganye ya kusa binnewa. Wurin ƙarami ne, ɗakinmu na zama ya kusa girmansa. 'Yan duwatsu ne a tsaye a cikin ganye, yawancinsu ba rubutu, irin dutsen da mutum zai ɗauko a nan kusa ya kafa don kada a manta. Sai muka tuna namu, tudun ƙasa da tsingaro ko guntun itace a wajen kai. Ba mu san abin da ake faɗa ba. Sallamar da muka iya ta makabartar Musulmi ce. Muka yi tsaye kawai. Ta cikin itatuwa ana hango ƙyallin tafkin.

Kawu ya ce, "Kufai ne ashe. Tun daga ƙasa nake jin ƙanshinsa."

Ya zauna a kan wani gungume, ya fara magana da Hausa, ba da mu ba sosai. Ya ce shekararsa 12, kamar amaryar nan, lokacin da aka gama dam ɗin Kainji a 1968. Ƙauyensu na bakin kogi ne a ƙasar Yawuri, suna albasa a fadama da rani, suna su. Wasu ma'aikata suka zo da gwangwanin fenti suka rubuta lamba a jikin kowane ɗaki, suka ƙirga rumbuna, suka ƙirga itatuwa. Aka ce ruwa zai zo har nan. Tsofaffi suka ce ƙarya ne, kogi ya san iyakarsa tun kaka da kakanni. Aka kwashe su a mota aka kai su kan tudu, gidajen siminti a jere kamar haƙoran mataji. Dubban mutane aka tasa haka, garin Bussa ɗungurungum ya nutse aka gina sabo. Ya ce ruwan bai zo da hauka ba, a hankali ya zo, kullum da safe su yara sukan gangara su ga inda ya kai. Ya ci fadama, ya ci masallaci. Ya ce Inna, mahaifiyarsu, ta rasu shekara biyu kafin nan, kabarinta na bayan gari ƙarƙashin wata tsamiya. Ran da ruwa ya kai wurin babansu ya hana su gangarawa. Shi ya saci jiki ya je. Kan tsamiyar kawai ya gani, tsuntsaye sun cika shi.

Uwar Auta ta san an tashi ƙauyen, kowa a danginsu ya sani, amma kamar yadda ake sanin shekarar fari. Ba ta taɓa jin zancen tsamiyar ba. Auta kuwa rabin maganar ta kama, tana ta kallon bakinmu a fassara mata, ba wanda ya iya. Dattijon ya ja gefe ya ba mu baya, yana duba taswirar da ya haddace.

Uwar Auta ce ta yi ƙarfin hali. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Kawu, to Yawurin da ka ce a kai ka, wacce ce?"

Ya daɗe bai amsa ba. Ya tona ganye da bakin sanda har ya kai baƙar ƙasa, ya duba ta kamar mai shirin shuka.

"Ni ma tun ɗazu ita nake nema, 'yar nan."

Sannan ya nuna duwatsun da haɓa ya ce waɗannan sun yi sa'a, ruwa ya tsaya musu a can. Ya tambayi dattijon, da Turancinsa na tasi, ko jikokinsu na zuwa. Dattijon ya ce wani lokaci yakan tarar an share wurin, bai taɓa ganin mai sharewar ba. Kawu ya gyaɗa kai. Ya sunkuya da ƙyar ya kwashe wani reshe da ya faɗo a kan ɗaya daga cikin duwatsun, ya jefar gefe, ya karkaɗe hannu. Bai ce a bar shi a nan ba, bai ce a kai shi can ba. Mu ma ba mu ƙara ba.

Saukowa ta fi sauri amma ta fi cin gwiwa. Rana ta karkata, inuwa ta cika kwarin, sanyi ya fara shiga jamfa. Kawu ya wuce gaba ya ce shi zai ja, ya gaji da bin mace. A mahaɗar farko ya tsaya gaban fenti biyu, ya karkata kai, ya ce hagu. Auta ta ce ya ci. A ta biyu ya bi shuɗi, ta bar shi ya yi taku goma sannan ta kira shi, ya dawo yana cewa gwada ta yake yi. A wajen mota ta sa kowa ya duba safarsa da bayan gwiwarsa, ba mu sami kaska ba, sai ƙwallayen dabino bakwai a aljihun Kawu da 'ya'yan ok guda uku da ya ce zai gwada a tukunya.

Muna shiga Sloatsburg layi ya dawo, wayar ta hau ruri. Hajiya ce, kira na biyar, can dare ya yi ba ta kwanta ba. Ta ce, "Kun fito?" Muka ce mun fito lafiya. Kawu ya miƙo hannu daga kujerar baya ya karɓi wayar.

"Yaya, kin tuna tsamiyar da ke kan kabarin Inna?"

Shiru, har muka zaci layin ya sake yankewa. Sannan muka ji muryarta ƙasa-ƙasa ta ce ba tsamiya ba ce, kanya ce, shi yaro ne a lokacin me ya sani. Ya ce tsamiya ce, shi da ya hau ta. Ta ce wadda ya hau ta ƙofar gidan Sarkin Ruwa ce, daga kanta ya faɗo ya fasa haɓa. Ya taɓa haɓarsa. Auta ta yi barci a kafaɗarsa, wandonta har yanzu a cikin safa. Har muka hau gadar Hudson, fitilun birni suka bayyana, suna nan suna yi, sun bar itacen sun koma kan ko rijiyar tana gabas da masallaci ko yamma.